Peter Scott: yadda maharbin dinya ya zama jagoran masu kare tsuntsaye

Duk wanda ya taɓa ganin tambarin nan na dabbar panda, baƙi da fari, a jikin mota ko a ƙarshen wani shirin namun daji, ya ga aikin hannun Peter Scott ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shi ya fitar da tambarin a 1961 domin Asusun Kula da Namun Daji na Duniya, WWF, daga zanen gwaji da wani masanin muhalli, Gerald Watterson, ya fara yi. An zaɓi panda saboda a lokacin akwai wata mai suna Chi-Chi a gidan namun daji na Landan wadda jama'a ke tururuwar kallo. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi nuna halin mutumin: dabbar baƙa ce da fara, buga hotonta ba ya cin kuɗin tawada mai launi.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai game da Scott shi ne, mutumin da Birtaniya ta fara ba lambar girma ta "Sir" saboda kare halittu, a 1973, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana harbin agwagi da dinyoyin daji, kuma da jin daɗi yake yi. Masu ba da tarihinsa sukan raba rayuwar gida biyu, kafin tuba da bayan tuba. Ni ban ga rabuwar ba. Idon da ya koyi kallon tsuntsu don ya kashe shi, shi ne idon da ya zana shi, daga baya ya ƙidaya shi. Kusan duk abin da Scott ya kafa dabara ce ta maharbi da aka sauya wa manufa.

Ɗan mutumin da ya mutu a ƙanƙara

An haife shi a Landan ranar 14 ga Satumba, 1909. Mahaifinsa Kyaftin Robert Falcon Scott ne, hafsan sojan ruwan da ya jagoranci ayarin Birtaniya zuwa ƙuryar kudancin duniya, a nahiyar Antatika. Sun isa can ranar 17 ga Janairu, 1912, suka tarar Roald Amundsen ɗan Norwe ya riga su da makonni biyar. A hanyar komowa sanyi da yunwa suka ƙarar da su biyar ɗin. Kyaftin ɗin ya rasu a cikin tanti a ƙarshen Maris, yaron yana da shekara biyu da rabi. A wasiƙar ƙarshe da ya bar wa matarsa Kathleen, wadda ƙwararriyar mai sassaƙa ce, ya roƙe ta ta sa yaron ya so ilimin halittu idan za ta iya, domin a ganinsa hakan ya fi wasanni.

Turawa na son wannan labari ƙwarai, har sukan ba da shi kamar wasiƙar ce ta yi komai. Gaskiyar magana, yaron bai bar wasannin ba. Ya ci lambar tagulla a tseren ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska a gasar Olamfik ta 1936 a Jamus. Ya zama zakaran Birtaniya a tuƙa jirgin sama mara inji a 1963, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Shekara guda bayan haka ya ja jirgin ruwan Birtaniya a gasar Kofin Amurka, inda aka lallasa su huɗu ba ko ɗaya. Abin da ya gada wanda ya fi wasiƙar amfani shi ne sunan. A Ingila ta wancan zamani, ɗan Scott na Antatika ba ya ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Marubuci J. M. Barrie ne ubangidansa na baftisma, mijin da mahaifiyarsa ta aura daga baya ɗan siyasa ne da ya kai matsayin minista. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, ba zai gane yadda saurayi mai zanen agwagi ya iya tara sarakuna da attajirai a tebur guda ba.

Ya yi makarantar Oundle, ya wuce Kwalejin Trinity a Kambirij. Ya fara da kimiyyar halittu, ya koma tarihin zane, ya kammala a 1931, sannan ya ƙaro ilimin zane a Munich da Landan.

Makarantar laka

Ainihin karatunsa a bakin teku ya yi shi. Tun yana Kambirij ya kamu da farautar tsuntsayen ruwa a fadamun gabashin Ingila da gaɓar da ake kira Wash, inda teku ke janyewa ta bar fili na laka iya ganin ido. Irin farautar ba ta masu hutu ba ce. Maharbi kan kwanta rub da ciki a wani siririn kwalekwale mai shafaffen gindi, da ƙatuwar bindiga ɗaure a goshinsa, yana turawa a hankali cikin duhun asuba da sanyin hunturu har ya kusanci garke. Harbi ɗaya yake da shi. Idan ya dace, ya kwashi tsuntsaye da dama a tashi guda. Idan tsuntsu ɗaya ya ankara, daren ya tafi a banza.

Wanda zai yi wannan dole ya san lokacin cikar teku da janyewarta, ya san hasken wata, ya san inda iska ta dosa. Dole ya bambance kukan wannan dinya da na waccan a cikin duhu, ya san inda garke ke kwana da gonar da yake kiwo. A shekarun 1930, masana tsuntsaye da yawa a gidajen tarihi suke aiki, da fatun matattun tsuntsaye a cikin akwatuna. Sanin yadda dinya mai rai ke tafiyar da yininta yana hannun maharba, akasarinsu talakawan bakin ruwa, kuma a wurinsu Scott ya ɗauka.

A 1933 ya kama hayar wata tsohuwar hasumiya a bakin kogin Nene, kusa da Sutton Bridge, ya zauna a can har yaƙi ya ɓarke a 1939. A shekarar da ya tare ne ya yi baje-kolin zanensa na farko a Landan, kuma kaya suka shige. Kafin shi, yawancin masu zanen tsuntsaye sukan zana tsuntsu ɗaya a tsaye, kowane gashi a wurinsa, kamar hoton fasfo. Shi kuwa garke yake zanawa yana saukowa da jijjifi, sama ta yi ja, laka na sheƙi, tsuntsayen kansu wani lokaci inuwa ce kawai. Abin da maharbi ke gani daga inda yake kwance ke nan. Masu sharhin zane na manyan birane ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, suna ganin kayan adon falo ne. Jama'a kuwa suka yi ta sayen kwafe-kwafen suna ratayewa. Littattafansa biyu na farko, Morning Flight na 1935 da Wild Chorus na 1938, haɗin zane ne da labarin farauta, kuma da kuɗinsu da na zanen ya riƙe kansa.

A gindin hasumiyar ya fara tara tsuntsaye masu rai, wasu waɗanda harsashi ya raunata ba su mutu ba, wasu na tarko. Yana so ya riƙa kallonsu a kusa don zanen ya fi kyau. Sai dinyoyin daji suka fara sauka wurin na gida. Akwai wata da ya raɗa wa suna Anabel, wadda ta zo da kanta, ta yi hunturu, ta tafi arewa da bazara, kuma ta dawo. Daga ranar da mutum ya san tsuntsu ɗaya da suna, ɗaga bindiga a kan garken da ta fito ya fara nauyi. Bai daina nan take ba. Ya ci gaba da harbi har bayan yaƙi, har bayan ya kafa cibiyar kare tsuntsaye, kuma sai a farkon shekarun 1950 ya ajiye bindiga gaba ɗaya. Abin da ya fi damunsa, kamar yadda ya bayyana a tarihin rayuwarsa, The Eye of the Wind, na 1961, shi ne tsuntsayen da ake raunatawa su faɗi inda ba a iya kai musu, su daɗe suna wahala kafin su mutu.

Ko a Yaƙin Duniya na Biyu idon ne ya yi masa aiki. Ya yi sojan ruwa a Tekun Atlantika, daga baya ya jagoranci ƙananan jiragen yaƙi a mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, ya samu lambobin jarumta. Amma abin da aka fi tunawa shi ne fenti. Ya lura cewa da dare jirgi kan bayyana ne a matsayin baƙin abu a jikin sama, don haka shafa masa launi mai duhu tona masa asiri ne. Ya ba da shawarar fari da shuɗi mai haske da kore mai haske. Aka gwada a jirgin da yake aiki, HMS Broke, rundunar ta karɓa ta shafa wa jiragen rakiya masu yawa. A zaɓen 1945 ya tsaya takarar majalisa a Wembley ta Arewa ƙarƙashin jam'iyyar Conservative, ya faɗi da ƙuri'u kaɗan. Da ya ci, wataƙila da ba mu wannan magana.

Slimbridge

A Disamba 1945 ya je bakin kogin Severn a yammacin Ingila, kusa da wani ƙauye mai suna Slimbridge, inda dubban dinyoyi masu farin goshi daga Rasha ke yin hunturu. Ya daɗe yana zargin cewa a cikin irin wannan garke akan samu wata ƙanwarsu da ba kasafai ake gani a Birtaniya ba, wadda ta ɗan fi ƙanƙanta, farin goshinta ya fi hawa sama, kuma tana da zobe rawaya kewaye da ido. Ya bi garken ɗaya bayan ɗaya da tabaran hangen nesa, ya same ta. Nan ya yanke shawarar inda zai kafa cibiyarsa. A Nuwamba 1946 aka buɗe Severn Wildfowl Trust, wadda a yau ake kira Wildfowl and Wetlands Trust, ko WWT.

Tsarin da ya shimfiɗa ya haɗa abubuwa uku da a da ba sa zama inuwa ɗaya. Akwai fadamar da aka bar wa tsuntsayen daji, da bukkokin ɓuya inda mai kallo zai zauna ba su gan shi ba. Akwai tarin agwagi da dinyoyi na gida daga kowace nahiya, waɗanda yaro zai iya ba su hatsi a tafin hannu. Akwai kuma masu bincike. Kuɗin ƙofa da na 'yan ƙungiya ke ciyar da binciken, binciken ke ba wurin daraja. A lokacin, masu kare halittu da yawa suna ganin hanya ita ce a kewaye wuri a hana kowa shiga. Scott ya ce a shigo, domin a ganinsa mutum ba ya tsaya wa abin da bai taɓa gani ba.

Kayan aikin binciken kuwa na mafarauta ne. A filin akwai wani tsohon tafkin tarko da aka haƙa a 1843 don kama agwagin kasuwa. Tafki ne mai rassa huɗu lanƙwasassu, kowane reshe an rufe shi da raga yana tsukewa har ƙarshe. Akan saki ƙaramin kare mai kama da yanyawa ya riƙa ɓullowa yana ɓacewa a bayan shinge, agwagi su bi shi cikin reshen don su sa masa ido, sai mai tarko ya fito ta bayansu. Scott ya gyara tafkin, ya ci gaba da kamun yadda aka saba, sai dai maimakon a murɗe wuya, akan sa wa tsuntsu zobe mai lamba a ƙafa a sake shi. Idan wani ya harbe shi a Rasha ko Faransa ya aiko da zoben, an san hanyar da ya bi. Dinya ta fi agwagwa wayo, ba ta shiga irin wannan tarko. Saboda ita, daga 1948 shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ragar da ƙananan rokoki ke cillawa a kan garke yana tsakar kiwo.

A 1951 da 1953 ya jagoranci tafiya tsakiyar Iceland, wani dausayi a gindin dutsen ƙanƙara, inda suka tabbatar da babbar mahayayyafar dinya mai jan ƙafa da ke hunturu a Birtaniya. Akwai 'yan makonni a shekara da dinya ke zubar da gashin fiffike ba ta iya tashi. A wannan taƙi suka riƙa kora su a kan dawakai zuwa cikin shinge, suka sa wa dubbai zobe. Da aka sake kama wasu a Birtaniya da hunturu, aka duba kashi nawa ke da zobe, sai aka iya kimanta yawan jinsin gaba ɗaya. A wancan lokaci kusan 30,000 ne. A shekarun baya-bayan nan sun doshi rabin miliyan. A tafiyar 1951 ne ma ya auri Philippa Talbot-Ponsonby a Reykjavik, bayan rabuwarsa da matarsa ta farko, marubuciya Elizabeth Jane Howard.

Labarin da ya fi ɗaga sunan Slimbridge shi ne na nene, dinyar tsibiran Hawai. Farauta da dabbobin da baƙi suka shigo da su sun cinye ta har saura kusan 30 a farkon shekarun 1950. An aiko wa Slimbridge biyu a 1950 a matsayin mata da miji, sai ga dukansu sun yi ƙwai. Dole aka aika a kawo namiji, kuma a 1952 aka samu 'yan tsaki na farko. Daga 1962 aka fara mayar da zuriyarsu tsibirin Maui. Yau nene ta haura 3,000. A nan ma akwai gyara: Turawan Ingila kan ba da labarin kamar Scott kaɗai ya ceto ta, alhali mafi yawan tsuntsayen da aka saki, a Hawai ɗin aka ƙyanƙyashe su, kuma sakin farko bai yi albarka sosai ba sai da aka koma kan dabbobin da ke cin ƙwai da kuma neman wurin kiwo mai kyau. Abin da Slimbridge ta nuna shi ne ana iya riƙe jinsi a hannu kafin a gyara masa gida.

Aikin da ni na fi gani a matsayin nasa na kansa shi ne na tsuntsun da Turawa ke kira swan, wato wata babbar dangin dinya fara fat mai dogon wuya. Ƙaramin nau'inta, na Bewick, yana hayayyafa a arewacin Rasha ya zo yammacin Turai da hunturu. A Fabrairu 1964 wasu suka fara sauka a tafkin da ke gaban tagar ɗakin zanen Scott. Da yake mai zane ne, ya lura cewa rabon baƙi da rawaya a bakin kowace ya bambanta da na 'yar uwarta. Ya zana fuskokinsu ta gaba da ta gefe biyu, ya ba kowace suna. 'Yarsa Dafila, tana yarinya a lokacin, ta karɓi aikin har ta zama masaniya a kansa. Yadda makiyayi ke sanin kowace saniya a garkensa da kamanninta da uwarta, haka suka san waɗannan tsuntsaye, ba tare da an kama ko ɗaya ba.

An ci gaba da wannan rajista har yau, an shigar da tsuntsaye sama da 10,000, kuma tana cikin bincike mafi daɗewa da aka yi a kan wani tsuntsu ɗaya-ɗaya. Daga ita aka san cewa ma'aurata kan zauna tare har mutuwa, rabuwa sai jefi-jefi. An san 'ya'ya kan biyo iyaye a tafiyar farko su koyi hanya, wasu su sake haɗuwa da su a shekarun gaba. An san iyali mai yawa ya fi samun wurin kiwo mai kyau, an san wasu kan haura shekara ashirin. Duk wannan da fensir da haƙuri aka fara shi.

Daga tafki zuwa teburin duniya

Talabijin ta zo masa a kan gaɓa. A 1953 BBC ta watsa shiri kai tsaye daga Slimbridge, daga 1955 kuma ya riƙa gabatar da shirin Look har ƙarshen shekarun 1960. Yakan tsaya gaban kyamara ya zana tsuntsu nan take yana bayani. Tun kafin David Attenborough ya zama muryar namun daji, Scott ne fuskar da gidajen Birtaniya suka sani.

Da wannan farin jini ya shiga kafa WWF a 1961, tare da Julian Huxley da Max Nicholson da Guy Mountfort da wasu. Matsalar da suka so magancewa ta kuɗi ce. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tana da masana amma aljihunta a bushe yake. Aka kafa WWF ta zama mai tara mata kuɗi, Scott ya zama shugaban kwamitin gudanarwarta na farko. A IUCN ɗin kanta ya shugabanci hukumar kula da jinsunan da ke cikin haɗari daga 1963 zuwa 1980, kuma a nan ya kawo tunanin Jan Littafi: kowane jinsi da ke gab da ƙarewa a ba shi shafinsa, a rubuta inda yake, nawa suka rage, me ke kashe su, me ake yi. A farko shafuka ne da ake iya cirewa a sauya idan sabon bayani ya zo. Shi ya zama Jan Jadawalin IUCN na yau, wanda gwamnatoci ke dubawa kafin su yi doka. Idan aka ji an ce wata dabba "tana cikin haɗarin ƙarewa", ma'aunin daga nan ya samo asali. Ya kuma yi shekaru yana yaƙi da farautar kifin whale, har hukumar da ke kula da ita ta kaɗa ƙuri'ar dakatar da farautar kasuwanci a 1982, dakatarwar da ta fara aiki a 1986.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Tsuntsu mai ƙaura ba shi da ƙasa ɗaya, kare shi a Ingila aikin banza ne idan an busar da fadamar da yake sauka a wani wuri. Ofishin binciken tsuntsayen ruwa na duniya ya yi shekaru da hedikwata a Slimbridge, ƙarƙashin Geoffrey Matthews, wanda shi ne daraktan bincike na cibiyar Scott. Matthews yana cikin waɗanda suka tsara yarjejeniyar kare dausayi da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971. Wurin farko da Najeriya ta shigar ƙarƙashin wannan yarjejeniya, a shekarar 2000, shi ne tafkin Nguru da mashigin Marma a dausayin Haɗejiya da Nguru. Agwagin da ke cika wannan dausayi da Tafkin Chadi a lokacin sanyi, da yawansu daga Turai da Rasha suke tsallako Sahara. Ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a watan Janairu a ƙasashe da dama, har da can, daga wancan ofishi ta faro a 1967. Sai dai takarda ba ta kawo ruwa. Madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da dausayin ke rayuwa a kanta, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, abin da ya dami manomi da masunci kafin ya dami agwagwa.

Inda ya yi tuntuɓe

A 1948 Scott ya shigo da wasu 'yan agwagi daga Arewacin Amurka, masu jan jiki da shuɗin baki, don ƙawata tarinsa. A al'ada akan yanke ƙarshen fiffiken tsuntsayen gida don kada su tashi, abin da shi kansa masu kare haƙƙin dabbobi ke suka. Amma 'ya'yan wannan agwagwa gwanayen nutso ne, suna da wuyar kamu, wasu suka tsere da fiffikensu. Kafin shekarar 2000 sun kai kusan 6,000 a Birtaniya, suna ƙetarawa Sifaniya suna barbarar wata 'yar uwarsu mai farin kai, wadda a 1977 saura 22 kacal a ƙasar kuma aka sha wahala kafin a farfaɗo da ita. Don kada jinin na Sifaniya ya narke, gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da shirin harbe baƙin gaba ɗaya daga 2005, aka kashe miliyoyin fam, kuma cibiyar da Scott ya kafa tana cikin masu goyon baya. Son tara kowane irin tsuntsu a wuri guda, wanda ya jawo jama'a Slimbridge, shi ya haifi wannan ɓarna.

Sai batun dodon da ake raɗe-raɗin yana cikin tafkin Ness a Scotland. Scott yana cikin waɗanda suka kafa ofishin binciken dodon a farkon shekarun 1960, kuma a Disamba 1975 shi da Ba'amurke Robert Rines suka ba shi sunan kimiyya a mujallar Nature, bisa wasu hotunan ƙarƙashin ruwa masu duhu. Hujjarsa ita ce doka ba ta kare dabbar da ba ta da suna. Masana suka yi masa ca, daga baya kuma ta bayyana cewa an yi wa hotunan kwaskwarima sosai. Mutumin da ya gina sunansa a kan kallon tsanaki, a nan ya ga abin da zuciyarsa ke so.

Suka mafi nauyi ta wuce shi kansa, ta shafi irin kare halittun da ya taimaka aka haifa. WWF ta farko taron manya ce: Yarima Bernhard na Holan shugabanta na duniya, Yarima Philip shugaban reshen Birtaniya, shi da ya harbe damisar Indiya a shekarar da aka kafa asusun. Kuɗi ya samu ta wannan hanya, ba shakka. Amma a Afirka da Asiya, tsarin da kuɗin ya ƙarfafa sau da yawa ya zama na shata gandun daji a fitar da makiyaya da mafarautan gargajiya, a kira su ɓarayin daji. Abin lura shi ne Scott da kansa a wurin maharban ƙauye ya koyi tsuntsu, kuma a Slimbridge ƙofa a buɗe take ga kowa. Wannan sassauci bai cika bin kuɗin zuwa ƙetare ba, sai bayan shekaru da dama ƙungiyoyin suka fara maganar tafiya da mutanen wuri.

Ya rasu a Bristol ranar 29 ga Agusta, 1989, saura mako biyu ya cika tamanin. Yana kan shirin mayar da wasu tsofaffin tafkunan ruwan sha a Barnes, cikin Landan, su zama dausayi, kuma an buɗe wurin a 2000. Cibiyoyin WWT sun bazu a Ingila da Wales da Scotland da Ireland ta Arewa. A cibiyar Caerlaverock ta Scotland, dinyoyin da ke zuwa daga tsibiran Svalbard na Norwe, waɗanda suka ragu zuwa kusan 300 a ƙarshen shekarun 1940, sun haura 30,000, kafin murar tsuntsaye ta yi musu mummunar ɓarna a hunturun 2021.

Swan ɗin Bewick kuwa ƙasa take yi. Garken arewa maso yammacin Turai ya sauko daga kusan 29,000 a 1995 zuwa kusan 18,000 a 2010. Da aka riƙa ɗaukar hoton cikin jikin waɗanda aka kama, an tarar kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da ƙwayoyin harsashi, duk da cewa doka ta hana harbinsu a duk ƙasashen da suke ratsawa. Ga kuma ɗumamar yanayi: tunda hunturu ya yi sauƙi, da yawa suna tsayawa a Jamus da ƙasashen da ke gabas da ita, ba sa ƙarasowa Ingila. A ƙarshen shekarun 1970 an taɓa ƙirga sama da 600 a rana guda a Slimbridge. Masu zuwa yanzu ba su kai rabin haka ba, kuma da rajistar da aka fara a 1964 ake gane waɗanne iyalai ne suka daina zuwa.